Bajiniya ta Yamma: Jihar Duwatsu da Mahaƙan Kwal

Masu iya magana kan ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da tarihin wata ƙaramar jiha a gabashin ƙasar Amurka, wadda masu ita ke kira West Virginia, wato Bajiniya ta Yamma. Laƙabinta shi ne Jihar Duwatsu, domin gaba ɗayanta tana cikin jerin tsaunukan Apalashiya. Fiye da shekara ɗari ke nan kwal ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin waɗannan duwatsu yana narka ƙarfe a masana'antun Amurka, yana kuma samar da lantarki, amma har yau jihar tana sahun waɗanda suka fi talauci a ƙasar. Wannan ɗan bayani zai yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu yadda aka yi hakan ta faru.

Yadda jihar ta samu

Da can yankin wani ɓangare ne na jihar Bajiniya. Mutanen gabas masu manyan gandaye ne da bayi ke nomawa, su kuma na kan duwatsu yawancinsu ƙananan manoma ne, kuma sun daɗe suna kukan ana danne su wajen haraji da kujerun majalisa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, Bajiniya ta bi 'yan aware na kudu. Wakilan yankin yamma suka taru a garin Wheeling suka ce ba da su ba. Ranar 20 ga Yuni, 1863 aka karɓi yankin a matsayin jiha ta 35. Taken da suka zaɓa wa kansu da harshen Latin yana nufin mutanen duwatsu 'yantattu ne a kullum. Mai karatu ya riƙe wannan take, zai ga abin da ya same shi.

Zuwan jirgin ƙasa

An san da kwal a yankin tun ƙarni na 18, sai dai babu hanyar fitar da shi. Layin dogo ne ya sauya komai. Na kamfanin Chesapeake and Ohio ya ratsa jihar zuwa Huntington a 1873, daga baya na Norfolk and Western ya shiga kudancinta. Dillalan attajiran Philadelphia da New York suka riƙa bin manoma gida-gida suna sayen filaye. Wani lokaci ma sai su bar wa manomi gonarsa, su sayi abin da ke ƙarƙashinta kawai a kan kuɗi ƙalilan. Da yawa daga manoman ba su iya karanta takardar da suka sa wa hannu ba. A nan ne dukiyar jihar ta fita daga hannun mutanenta, tun kafin a haƙa manyan ramukan.

Da yake wuraren haƙar suna cikin lunguna ne inda babu gari, sai kamfani ya gina garin da kansa. Gidan da ma'aikaci ke kwana na kamfani ne, haka makaranta da coci da asibiti. Sau da yawa ba a biyansa da dala. Wasu kwabbai ake ba shi masu tambarin kamfani, waɗanda ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin, inda kaya suka fi tsada. Gwargwadon nauyin kwal ɗin da ya loda ake biyansa, mai awon kuma yaron kamfani ne. Kafin albashi ya iso hannunsa an cire kuɗin haya, da na likita, har da na albarushin da yake fasa dutse da shi. Duk wanda ya shiga ƙungiyar ƙwadago, a kore shi daga aiki, a kuma watso masa kaya waje. Masu wannan aiki na watso kaya su ne 'yan bangar haya na kamfanin tsaro na Baldwin-Felts.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu mu ɗaliban harshe. Kamfanonin sun kwaso ma'aikata daga Italiya da Hangare da Folan, ga baƙaƙen fata da suka baro jihohin kudu, ga kuma 'yan ƙasa. Wasu masu kamfanin da gangan suke cakuɗa su, don suna ganin mutanen da ba sa jin harshen juna ba za su iya haɗa kai ba. Dabarar ta yi aiki na wani lokaci. Amma idan rami ya rufta ba ya tambayar mutum yarensa. Ranar 6 ga Disamba, 1907 ramukan Monongah suka yi bindiga, alƙaluman hukuma suka nuna mutum 362 sun mutu, kaso mai yawa daga cikinsu 'yan Italiya ne. Har yau ba a yi haɗarin haƙar ma'adinai mafi muni daga wannan ba a Amurka.

Yaƙin mahaƙa

Tura ta kai bango a 1912, lokacin da mahaƙan Paint Creek da Cabin Creek suka shiga yajin aiki. Aka kore su daga gidaje, suka koma tantuna da iyalansu. A watan Fabrairun 1913 wani jirgin ƙasa mai sulke ya bi ta gefen tantunan da dare yana ɓarin wuta. Wata dattijuwa 'yar asalin Ailan, Mary Harris Jones, wadda mahaƙan ke kira Uwa Jones, ita ce ke yawo tana ƙarfafa musu gwiwa, har sai da sojoji suka tsare ta.

Ranar 19 ga Mayu, 1920 'yan Baldwin-Felts suka je garin Matewan korar iyalai. Shugaban 'yan sandan garin, Sid Hatfield, ya tare su. Aka yi musayar wuta, mutum goma suka mutu: bakwai 'yan bangar, da magajin gari, da mahaƙa biyu. Ranar 1 ga Agusta, 1921 aka harbe Hatfield a kan matakalar kotu a garin Welch, a gaban matarsa. Wannan kisa ne ya tunzura mahaƙa kimanin 10,000 suka ɗauki bindigogi suka nufi kudu. A Dutsen Blair suka ci karo da mutanen Don Chafin, shugaban 'yan sandan gundumar Logan, wanda masu kamfanoni ke ba kuɗi. Aka kwana biyar ana gwabzawa, har jiragen sama na haya suka jefa wa mahaƙan bama-bamai. Da shugaba Harding ya turo sojojin tarayya sai suka ajiye makamai, domin da yawansu tsofaffin sojoji ne, ba su yarda su harbi sojan ƙasarsu ba. An gurfanar da jagoransu Bill Blizzard bisa zargin cin amanar jiha a 1922, kotu ta sallame shi.

Mahaƙan sun ɗaura jajayen ƙyallaye a wuya don su gane juna, shi ya sa aka riƙa kiran su redneck, wato mai jan wuya. Kalmar ta girmi wannan yaƙi, kuma a Ingilishin yau zagi ce ga baƙauyen farar fata, amma a wancan dutse har da baƙaƙe da 'yan Italiya aka ɗaura ƙyallen. Ɗan Nijeriya kuwa da wuya ya karanta wannan labari bai tuna da Iva Valley ta Inugu ba, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

Ƙungiyar ta durƙushe bayan Dutsen Blair. Sai a 1933, da gwamnatin Roosevelt ta yi dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, sannan ta shiga kudancin jihar.

Inji ya karɓe aikin

Abin takaici, albashi bai daɗe da gyaruwa ba sai injuna suka zo. A shekarun 1940 mahaƙa a jihar sun haura 100,000. Yanzu ba su kai 20,000 ba. Mutane kan ɗora laifin a kan dokokin kare muhalli na baya-bayan nan, amma a ganina alƙaluman ba su goyi bayan haka ba, domin yawancin ayyukan sun salwanta tun a shekarun 1950 da 1960. Daga baya kuma iskar gas mai araha ta ƙwace wa kwal kasuwar lantarki. Gundumar McDowell tana da mutum kusan 100,000 a 1950. A ƙidayar 2020 ba su cika 20,000 ba. A can ne aka fara raba takardun tallafin abinci na gwamnatin Kennedy a 1961.

Mutuwa ma ba ta tsaya ba. Fashewar ramin Farmington a 1968 ta ci rai 78. A shekarar da ta biyo baya mahaƙa kimanin 40,000 suka yi yaji a kan cutar baƙin huhu, wadda ƙurar kwal ke haddasawa, kuma a ƙarshen 1969 ɗin aka samu dokar tarayya ta kula da lafiyarsu. A 1972 wata madatsa ta dagwalon kwal ta ɓalle a Buffalo Creek, mutum 125 suka mutu, wasu kimanin 4,000 suka rasa muhalli, kamfanin Pittston mai madatsar ya ce ai ikon Allah ne. A 2010 ramin Upper Big Branch ya kashe 29. Wannan karon an ɗaure shugaban kamfanin, Don Blankenship, amma shekara ɗaya tak.

Har yanzu jihar ce ta biyu wajen haƙo kwal a Amurka, bayan Wyoming. Wata hanyar da ake bi ita ce a fasa kan dutse da nakiya, a kwashe kwal ɗin, a zube ɓaraguzan cikin kwari. Shi kansa Dutsen Blair ya kusa fuskantar haka. An sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 2009, aka cire shi a shekarar bayan ƙorafin kamfanonin kwal, sai da aka sha shari'a kafin a mayar da shi a 2018.