Yadda Sankarar Nono Ke Kaiwa Ga Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa mukan ji an yi wa wata baiwar Allah aikin sankarar nono ta samu sauƙi, sai bayan wani lokaci ta fara ciwon kai mai tsanani da faɗuwa. A gidajenmu akan ce iskoki ne ko sammu, alhali mai yiwuwa ciwon ne ya kai ƙwaƙwalwa.

Tun a shekarar 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da wannan ciwo ya kashe. Ya kwatanta ƙwayoyin sankara da iri, gaɓoɓin jiki kuma da ƙasar noma: jini yana watsa irin ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasa ta karɓe shi.

Allah cikin hikimarsa ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge. Bangon ƙananan jijiyoyin jininta a matse yake ƙwarai, ba kowane abu ke ratsa shi ba. A shekarar 2009, masu bincike a birnin New York ƙarƙashin Joan Massagué sun gano ƙwayoyin gado uku da ke taimaka wa sankara ta tsallake shi. Biyu daga cikinsu, COX2 da HBEGF, suna aiki har wajen shiga huhu. Ta ukun, ST6GALNAC5, tana sauya fatar ƙwayar sankara har ta iya mannewa a bangon jijiyar ƙwaƙwalwa ta kutsa.

Abin baƙin ciki, shingen nan yakan tare magani ma. Shi ya sa trastuzumab, da aka amince da shi a 1998 domin nau'in da ake kira HER2, yake kashe ciwon a jiki amma da ƙyar yake isa ƙwaƙwalwa. A 2020 Amurka ta amince da tucatinib, wanda ya fi shi ratsawa.

Saboda haka, mace da ta ji kulluri a nono ta hanzarta zuwa asibiti kafin irin ya watsu. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma, in ta ga ciwon kai da amai, ko farfaɗiya, ko raunin ɓarin jiki, ko dishi-dishin gani, maigida ya kai ta wurin likita ba jinkiri. Tun 2021 ana gashin sankara a cibiyar yaƙi da ita a Yamai. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.