Ɗan Ƙauye Ya Ci Kyautar Duniya Saboda Dawa

Manoman Toranke da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya sun san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ciyawa ce mai fure ja-ja. Idan ta kama gona, sai dawa ta tsumbure, ta ƙi yin zangarniya. Akwai wani malami ɗan Afirka da ya shafe shekaru yana yaƙi da wannan ciyawa. A shekarar 2009 duniya ta taru ta karrama shi. Sunansa Farfesa Gebisa Ejeta, mutumin ƙasar Habasha.

Wace kyauta ce?

Sunanta Kyautar Abinci ta Duniya. Wani masanin aikin gona ɗan Amurka, Dokta Norman Borlaug, shi ya kafa ta a 1986. Kowace shekara ana ba da ita ga mutumin da aikinsa ya ƙara wa jama'a abinci. Jami'o'i da cibiyoyin bincike ne ke aika sunayen waɗanda suka cancanta. Daga nan sai wani kwamiti na masana ya zauna ya tace. Abin da ake dubawa shi ne, shin aikin mutumin ya kai ga gonar manomi da tukunyar gidansa?

Wane ne Gebisa?

An haife shi a 1950, a wani ƙauye mai suna Wollonkomi. A ɗakin ciyawa ya tashi. Mahaifiyarsa ba ta iya karatu da rubutu ba, amma ta dage sai ɗanta ya yi makaranta. Ƙauyensu babu makaranta. Wadda ta fi kusa tana da nisan kilomita 20. Ran Lahadi yakan taka da ƙafa ya tafi. Ran Juma'a ya sake takowa ya dawo gida. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Ya gama kwalejin aikin gona ta Alemaya a ƙasarsu a 1973. Daga nan ya wuce Jami'ar Purdue a Amurka, ya sami digirin dokta a 1978. Bai zaɓi alkama ko shinkafa ba. Dawa ya zaɓa, abincin talakan Afirka.

Me ya yi?

Ya fara aiki a ƙasar Sudan tare da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT. Wannan cibiya tana da ofis a Kano. A Sudan ya auratar da dawa iri biyu, ya fitar da sabon iri mai jure fari. An raba wa manoma shi a 1983, da sunan Hajin Dura 1. Daga baya aikinsa ya taimaka an fitar da wani irin a Jamhuriyar Nijar, mai suna NAD-1.

Sai ya juya kan wuta-wuta. Ƙwayar wannan ciyawa ƙanana ce ƙwarai, kamar ƙura. Tushe ɗaya yana zubar da ƙwaya dubu-dubai. Ƙwayar tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba. Jira take yi. Saiwar dawa tana fitar da wani ruwa kaɗan cikin ƙasa. Da ƙwayar ta ji wannan ruwa sai ta tsiro, ta maƙale wa saiwar, ta riƙa tsotse abincin dawa. Kafin manomi ya ga furenta a sarari, ta riga ta yi ɓarna a ƙarƙashin ƙasa.

Gebisa da abokin aikinsa, Dokta Larry Butler, sun gano cewa ba kowace dawa ce ke fitar da ruwan da yawa ba. Wata kaɗan take fitarwa, har ƙwayar ba ta farkawa. Da wannan sani suka haɗa irin dawa mai jure wuta-wuta. A 1994 aka aika tan 8 na irin zuwa ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar da Gana da Mali.

Yadda aka yi bikin

An fara da sanarwa. Ran 11 ga Yuni 2009 aka bayyana sunansa a birnin Washinton, a ma'aikatar harkokin waje ta Amurka. Sakatariyar ma'aikatar ta lokacin, Hillary Clinton, ta yi jawabi a wurin.

Babban bikin kuwa sai a watan Oktoba. Ana yin sa ne a birnin Des Moines, hedikwatar Jihar Ayowa, wadda jiha ce ta manoman masara. An zaɓi wannan lokaci don ya zo kusa da Ranar Abinci ta Duniya, wato 16 ga Oktoba.

Kafin a miƙa kyauta, akan yi kwanaki ana taron ƙara wa juna sani. Masana da ministoci da manoma daga ƙasashe da yawa sukan tattauna kan yunwa da maganinta. A taron 2009, attajirin nan Bill Gates ya yi jawabi kan taimakon ƙananan manoma. Akan kuma gayyato 'yan makarantar sakandare su karanta abin da suka rubuta a gaban manyan masana.

Ran 15 ga Oktoba 2009 aka shiga babban zauren majalisar jihar. Aka karanta tarihin Gebisa, tun daga tafiyar ƙafa zuwa makaranta. Aka miƙa masa kyauta tare da kuɗi dala 250,000. Murnar ta zo haɗe da juyayi, domin Dokta Borlaug, wanda ya kafa kyautar, ya rasu ran 12 ga Satumba, wata ɗaya kafin bikin, yana da shekara 95.

Karramawa ba ta tsaya nan ba. A ƙasarsu, shugaban Habasha ya ba shi lambar Gwarzon Ƙasa. A 2023 kuma shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya rataya masa lambar kimiyya ta ƙasar.

Ba shi kaɗai ba ne daga Afirka. Dokta Monty Jones na ƙasar Saliyo ya ci kyautar a 2004 saboda sabon irin shinkafa. Dokta Akinwumi Adesina, tsohon Ministan Aikin Gona na Nijeriya, ya ci a 2017.

Abin da manomi zai ɗauka

Gebisa ya nuna cewa iri mai kyau shi kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da taki da tattalin ruwan sama a kunya. Wuta-wuta ta fi son gonar da ta gaji. Saboda haka a riƙa kai takin gida gona. A cire ciyawar tun ba ta zubar da ƙwaya ba, a tara ta a ƙone. Kada a bar ta a bakin gona. A riƙa sauya shuka: bana dawa, baɗi gyaɗa ko waken suya. Waɗannan suna sa ƙwayar ta tsiro, amma ba ta samun abin tsotsa a jikinsu, sai ta mutu. Wanda ke neman ingantaccen irin dawa ya tambayi malamin gona na KNARDA. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da irin da ya dace da ƙasar Arewa.

Iyaye kuma su tuna da mahaifiyar Gebisa. Ba ta san baƙi ba, amma ta tura ɗanta makaranta mai nisan kilomita 20. Mai makaranta a cikin gari ko a ƙauyen da ke kusa, ya tura 'ya'yansa, maza da mata.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.