Fataucin Kwalekwale a Kogin Amazon

Wanda ya taɓa jin labarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro ya riga ya fahimci rabin wasan kwamfutar nan, The Amazon Trail, wanda kamfanin MECC na Minnesota a Amurka ya fitar a 1993 don 'yan makaranta. Sai dai a nan kwalekwale ne a madadin jaki, kogi kuma shi ne hanya.

Daga Belem, kusa da inda kogin ya faɗa teku a Brazil, ake ɗaura kaya. Ka zaɓi jagaba, ka haɗa guzuri, ka kama hanya. Abin da aka aike ka nema ba goro ba ne, itacen cinchona ne, wanda daga ɓawonsa ake samun kwinin, don zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutanen sarkin Inka. Wannan ciwo dai ba sai an yi mana bayani ba.

Kowane ƙauye zango ne. Ka sauka, ka gaisa, a yi musayar kaya, ka tambayi hanya. Kogin kuwa rassa gare shi birjik, kuskure ɗaya sai ka tsinci kanka inda ba ka nufa ba. Guzuri ya ƙare? Ka ɗauki mashi ka soki kifi, amma ka lura, akwai mai wutar lantarki a jiki, ba a yi masa gaggawa. In ka shiga kurmi, hoton tsuntsu ko na tsiro za ka ɗauka, sannan ka lalubo sunansa a littafi. Har mutanen da suka shuɗe kana cin karo da su, irin su Henry Ford mai motoci, wanda ya kafa gonar roba a can. Abin dariya, shi a zahiri bai taɓa taka wurin ba.

Inda wasan ya gaza shi ne inda falke ke gazawa. Falke ya san farashi, ya san zango, amma bai san yadda ake rainon itacen goro ba. Yaro zai tashi da sunayen dabbobi fal kansa, amma da wuya ya gane cewa ƙasar kurmin nan ba ta da ƙarfi. Albarkarta na jikin itatuwa da ganyen da ke ruɓewa a gindinsu, shi ya sa in aka sare aka ƙone, bayan 'yan shekaru gonar sai ta gaji.