Motar da ta yi damana a rufe: yadda za ku raba ta da laima da fumfuna

 

Yau ba maganar iri ko ta taki zan yi muku ba. Maganar mota ce. Kada wani ya ce: ni da ko amalanke ba ni da ita, ina ruwana da mota? Da ruwanka, ɗan'uwa. Garuruwa da yawa yanzu suna da mota guda da kowa ke dogara gare ta, ko ta ƙungiyar manoma, ko ta wani ɗan gari da ya tafi bida ya bar ta hannun ƙanensa. Ita ke kai wake kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Ran da ta lalace, gari duka ne ya yi hasara.

Wata kaka na je rangadi wani gari da ke hayin Gulbin Maradi. Ƙungiyarsu tana da ƴar motar ɗaukar kaya mai ƙofa huɗu, wadda suka saya da kuɗɗin da suka tara shekara da shekaru. Da ruwa ya yanke hanya cikin watan Yuli, sai suka kai ta ƙarƙashin wani dogon yaro, suka rufe gilasai ƙam, suka lulluɓe ta da baƙar leda, wai kada ruwa ya taɓa ta. Wata 3 ba wanda ya leƙa. Ran da za a ɗauki wake ina tsaye aka buɗe ƙofa. Warin da ya fito sai da kowa ya ja baya. Kujeru sun yi fari da kore kamar tuwon da aka manta cikin ƙwarya, sitiyari ya yi gashi, rufin ciki ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Direban yana da ciwon fuka. Ya goge kujerarsa da tsumma, ya shiga, bai fita gari ba ya tsaya yana tari, numfashi na yi masa wuya.

Mutanen nan ba sakaci suka yi ba. Kulawa suka yi, amma ta bai-bai.

Fumfuna, wadda wasunku ke cewa hunhuna, abu ce mai rai. Tana da iri, amma irinta ya fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsa, kuma kullum yana yawo cikin iska. Kun san ƙuduji a gonar hatsi. Irinsa yana iya yin shekara 10 ko fiye cikin ƙasa yana jira, ran da ya samu saiwar hatsi da ruwa sai ya tashi. To haka fumfuna take. Abu uku take jira: laima, ɗumi, da abin ci. Abin cinta ba wuya: ƙura, zufar da ta shiga kujera, ɓarɓashin ƙuli-ƙuli, ƙwayar hatsi da ta faɗa ƙarƙashin kujera. In abu ya jiƙe ya kwana 1 ko 2 bai bushe ba, ta soma aiki. In laimar iska ta zarce kashi 70 bisa 100 ta daɗe haka, kamar yadda take yi cikin watan Agusta, ko ba ɗigon ruwa ko ɗaya tana iya tsirowa.

Mota rufaffiya kuwa tukunya ce da murfi. Da rana zafin cikinta yana iya wuce digiri 60, ruwan da ke cikin shimfiɗar ƙasa ya tashi ya zama tururi. Ba shi da ƙofar fita. Da dare ƙarfe ya yi sanyi, tururin ya koma ruwa, ya sauka bisa gilashi da kujeru da rufi. Gobe haka, jibi haka. Ledar da aka lulluɓa ita ce ta ƙara danne murfin. In kun tashi da safe kun ga gilashin mota ya yi raɓa ta ciki, ba ta waje ba, to ku tabbata akwai ruwa kwance wani wuri.

A fara neman ƙofar ruwa

Mutane da yawa sabuni suke fara ɗauka. Kuskure ne. Wanda ya wanke kujeru bai toshe inda ruwa ke shiga ba, ya yi noma ya bar saiwar haki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ku nemi tsagar.

Ku fitar da mota fili, inda rana da iska ke samun ta, ku buɗe ƙofofi duka. Ku cire shimfiɗun roba na ƙafa. Ƙarƙashinsu akwai tapin mota, ƙarƙashin tapin kuma akwai wani abu mai kauri kamar bargo, wanda aka sa don rage ƙara da zafi. Wannan bargon shi ne mafakar ruwa. Sama na iya bushewa ƙayau, shi kuwa yana jiƙe sharkaf. Ku ɗaga gefe, ku sa hannu ku matsa.

Sannan mutum ɗaya ya shiga ciki a rufe ƙofofi, wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje, a hankali, wuri bayan wuri, ana farawa daga ƙasa ana hawa sama. Na ciki ya duba inda ɗigo ya fara fitowa. Yawanci robar bakin ƙofa ce ko ta gilashin gaba, wadda ranar bazara ta gasa har ta tsattsage. Amma akwai wuri biyu da ake yawan mantawa. Na farko, gindin gilashin gaba, wajen da sandunan goge gilashi suke: akwai magudanar ruwa nan ƙarƙashi. Ganyen dogon yaro da ƙasa suna cika ta, ruwa ya taru, ya bi ta hanyar iska ya zubo wajen ƙafar wanda ke zaune gaba. Abin da ya samu motar da na ba ku labari ke nan, mun kwashe ruɓaɓɓen ganye ya fi cikin tiya guda. Na biyu, ƙasan kowace ƙofa akwai ƴan ramuka da aka yi don ruwa ya fita. In laka ta toshe su, ƙofar sai ta zama tulu. Ku kaɗa ƙofa ku saurara, in kun ji motsin ruwa ku tsokane ramukan da tsinke. In ƙaramar mota ce, ku duba ramin da tayar ajiya take kwanciya a baya. Na taɓa ganin wanda har ƴaƴan sauro sun yi gida ciki.

Wanki

Mai fuka, mai tsohon tari, mace mai ciki da yara, su koma gefe. Wanda zai yi aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani mai ninki, ya sa safar hannu ta roba, ya tsaya iska na bayansa. Kada a kakkaɓe kujera a bushe da tsintsiya, irin fumfunar ne za ku watsa, ku shaƙa. A ɗan jiƙa wurin tukuna, sannan a kwashe da tsumma, a jefa tsumman cikin bokitin ruwan sabuni.

In abin ya yi yawa, kujeru sai sun fito waje. A nan ku kira makaniki. Motocin zamani suna da wayoyi ƙarƙashin kujera, wasunsu masu kan ɗorawa, na jakar iskar nan ce mai buɗewa in an yi hatsari. Sai an cire kan batir an ɗan jira kafin a taɓa su.

Maganin da ya fi sauƙin samu shi ne farin binegar, ruwan tsamin nan na kwalba da masu salati ke zubawa. A yayyafa shi inda fumfuna take, a bar shi kamar awa 1, a goge da buroshi, sannan a bi da tsumma mai ruwan sabuni, a ƙare da tsumma mai tsabta da aka matse sosai. Ku fara gwadawa a wani lungu don ku ga ko zai ɓata launi. Warin tsaminsa yana tafiya cikin ƴan kwanaki. Babban abin lura: kada ku kwarara ruwa bisa kujera kamar mai wankin tabarma. Soson da ke ciki yana shan ruwa da sauri, yana sakinsa da wuya. Ruwa kaɗan, guga da yawa.

Jabel fa? Na san shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi. Yana da amfani ga shimfiɗun roba da aka fitar waje, in an sirka shi da ruwa kuma an ɗauraye. Amma yana cin launin yadi, yana raunana zare, yana sa ƙarfe tsatsa. Kuma ku riƙe wannan da kyau: ba a haɗa jabel da binegar, ko cikin bokiti ɗaya ko bisa wuri ɗaya. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, cikin ƙuncin mota kuwa tana iya kayar da mutum.

Ɗamarar kujera a jawo ta har ƙarshe, a maƙale ta kada ta koma, a wanke da ruwa da sabuni kaɗai. Sai ta bushe sarai sannan a sake ta. In ta naɗe da laima, can cikin gidanta fumfuna za ta sake tashi.

Bargon ƙasa in ya ruɓe yana wari, kada ku ji tausayinsa. A yar da shi. Gara mota mai ƙara da mota mai sa tari.

Shanya

Nan ne haƙuri ke ƙarewa, nan ne kuma aikin yake. Kujeru da tapi su sha rana kwana 2 ko 3, ana juya su. Motar kanta ta wuni ƙofofi buɗe, a rufe ta kafin raɓar dare. Ga yadda za ku gane ko soso ya bushe: ku ɗora takarda ko busasshen ƙyalle bisa kujera, mutum ya zauna na ɗan lokaci. In ya tashi takardar ta yi sanyi ko taushi, da saura. In motar tana da kilim, a tashe ta a fili a kunna shi, don kilim yana tsotse laimar iska. A kuma sa makaniki ya duba matacin iskar ciki, wanda a motoci da yawa yake bayan ɗan akwatin gaban fasinja. In ya yi baƙi yana wari, a canza shi.

Wasu suna sa kaskon garwashi cikin mota su rufe, wai ta bushe da sauri. Wallahi ku bar wannan. Soso da roba ba su da wuyar kama wuta, kuma garwashi cikin rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kisa. Gawayin da ke da amfani shi ne wanda ba a kunna ba: a zuba busasshe cikin kwano ko tsohuwar safa, a ajiye ƙarƙashin kujeru, yana rage wari. Garin bikarbonat ma haka, a barbaɗa bisa busasshiyar kujera ya kwana, a share. Gishiri da kanwa suna jan laima, gaskiya ne, amma in sun narke sun taɓa ƙarfen ƙasan mota, tsatsa ce za ta huda shi. Turaren wuta kuwa wari kawai yake rufewa.

Wani zai ce: a bari hunturu ya zo, iska za ta busar da komai. Za ta busar, amma ba za ta kashe irin ba. Fumfunar za ta zama gari, ku yi ta shaƙa duk rani, ruwan farko na sauka ta farka.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu manoma. Duk hatsi, masara ko gujiya da aka manta cikin irin wannan mota har ta yi fumfuna, ba ta ci ba ce, ba ta shuka ba ce, ba kuma ta dabbobi ba ce. Wata irin fumfuna da ke kama gujiya da masara tana barin dafi da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta. An gano shi ne bayan da talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila cikin 1960, sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya mai fumfuna. Dafuwa ko suya ba su kawar da shi. A haƙa rami a binne. Kuma kada a loda sabon amfanin gona sai bayan motar ta wanku ta bushe.

In kuwa ambaliya ce ta shiga motar, kamar yadda ta faru ga mutane da yawa a Yamai cikin 2020, da Maradi da Damagaram cikin 2024, to kafin maganar kujeru akwai maganar inji. Kada a murɗa makulli. A zaro sandar awon baƙin mai, in man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. A buɗe gidan matacin iskar inji, in ya jiƙe, a jawo motar zuwa garaji da igiya. Injin da ya shaƙi ruwa aka tashe shi, ƙarafansa na ciki lanƙwashewa suke yi.

Damana mai zuwa, in dole mota ta zauna, a share ta tsaf, kada a bar ko ƙwaya ɗaya ta abinci, don ban da fumfuna ɓeraye ma suna bin ta su ci wayoyi. A ajiye ta ƙarƙashin rumfa mai iska, bisa tudu, ba cikin haki ba, ba gindin itace ba. In rumfar ba ta yoyo, a sassauta gilasai kamar faɗin yatsa. Ƙungiya ta ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa cikin littafi, ya riƙa buɗe ƙofofi sau ɗaya a mako ran da rana ta fito, ya tashi inji a fili, ya taɓa ƙarƙashin shimfiɗa da hannunsa.

Mutanen garin can kwana 5 suka yi suna wannan aiki, samari 4 da makaniki guda. Wakensu ya rasa kasuwa ɗaya, aka kai shi ta mako na gaba. Ledar kuwa suka yanka ta, suka shimfiɗa ƙarƙashin buhunan taki cikin magaza.