Zaƙami, tumfafiya da bi-ni-da-zugu: Tsirran da ke warkarwa, suke kuma kisa

Da damina ta kankama, za ka ga juji da kangwaye da gefen hanya sun cika da tsirrai iri-iri. Da yawansu masu maganin gargajiya sun daɗe suna aiki da su, wasu ma an ciro sinadaransu ana amfani da su a asibiti. Sai dai sinadarin da ke warkarwa shi ne yake kisa idan ya yi yawa, kuma babu mai iya auna shi da ido a cikin ganye ko ƙwaya.

Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka saka gargaɗin a cikin sunayen tsirran.

Zaƙami

Ana kiransa babba-jibji saboda son da yake yi wa juji, ana kuma ce masa haukata-yaro. Furensa kamar kakaki yake, 'ya'yansa kuma na cikin wani ƙunshi mai ƙaya.

An daɗe ana shaƙar hayaƙin busasshen ganyensa domin ciwon asma. Ko a Turai, har cikin ƙarni na 20 ana sayar da tabar asma da aka yi da ganyen danginsa. Yana ɗauke da sinadarin atrofin, wanda likitoci ke buɗe ƙwayar ido da shi kafin su duba ta, suke kuma ceto wanda ya sha maganin ƙwari irin su fiya-fiya.

Bambancin shi ne a asibiti ana auna shi da miligiram. A jikin tsiro kuwa, ƙarfinsa na sauyawa daga wannan tushe zuwa wancan, daga ganye zuwa ƙwaya. Matashin da ya jiƙa shi a shayi ko zoɓo don neman maye bai san adadin da ya sha ba, ko da jiya ya sha irinsa ya kwana lafiya.

Alamomin gubarsa su ne bushewar baki, zafin jiki ba tare da gumi ba, saurin bugun zuciya, kasa fitsari, da gane-gane. Mutum kan shafe kwana ɗaya zuwa biyu ba ya cikin hayyacinsa, har dangi su ɗauka iskokai ne su nufi wajen mai ruƙiyya.

Ba sai da gangan ake cin sa ba. A watan Maris na 2019, kimanin mutum 300 sun kwanta rashin lafiya a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, biyar suka mutu, bayan sun ci garin tallafi na Hukumar Abinci ta Duniya. Bincike ya gano cewa 'ya'yan wani ɗan'uwan zaƙami ne suka cakuɗu da waken suyar da aka yi garin da shi.

Tumfafiya

Duk inda ƙasa ta gaji, tumfafiya na nan. Ana amfani da sassanta a maganin cututtukan fata, Fulani kuma na sa ruwan ganyenta kaɗan a madara idan za su dafa cukun da ake kira wara ko wagashi, domin madarar ta daskare.

Haɗarin yana cikin farin ruwan da ke tsatsowa idan an karya ta. Idan ya fantsama a ido yakan kumbura gilashin idon, gani ya dusashe na kwanaki. Sau da yawa ba ya zafi sosai, shi ya sa ake jinkirin zuwa asibiti. Idan aka sha shi da yawa kuma, yana da sinadaran da ke rikita bugun zuciya.

Bi-ni-da-zugu

Zugu farin saƙi ne da ake yin likkafani da shi a da. Ke nan sunan na cewa wanda ya ci, a biyo shi da likkafani.

Ana dasa shi a matsayin shinge, ana kuma ɗiga ruwansa a kan sabon rauni don tsayar da jini. Matsalar ita ce 'ya'yansa na da ɗanɗano kamar na gyaɗa, don haka yara ne suka fi faɗawa tarkonsa. Ba a daɗewa bayan an ci sai amai da gudawa su taso, kuma ƙarewar ruwan jiki ita ce babbar barazana ga ƙaramin yaro.

Zurma

Daga 'ya'yanta ake tatsar man da aka sani da maganin taurin bayan gida da gyaran gashi. Amma a cikin ƙwayar akwai gubar risin, wadda har yau ba ta da makari. Da ita aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978.

Gubar ba ta bin mai idan an tace shi yadda ya kamata, a tunkuzar take zama. Saboda haka tauna ƙwayar ne haɗari, haka ma ba dabbobi ɗanyar tunkuzarta. Matan da ke haɗiyar 'ya'yanta da nufin tazarar haihuwa suna wasa ne da wannan guba.

Idan tsautsayi ya faɗa

Kada a tilasta wa mutum yin amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara, musamman idan hankalinsa ya gushe, domin suna iya bi ta hanyar iska su shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da reshe ko 'ya'yan tsiron, don likita ya san da me yake fama.

Idan ido ne, a wanke shi da ruwa mai tsafta na aƙalla minti 15 kafin a tafi.

Masu juna biyu da yara da masu ciwon zuciya su ne suka fi shiga haɗari. A gidan da ke da ƙananan yara, tuge zaƙami daga bayan katanga kafin ya yi 'ya'ya aikin 'yan mintuna ne.