Zaƙami da Kurkura: Yadda Maganin Gargajiya Ke Komawa Dafin Ƙwaƙwalwa a Zamfara

Duk wanda ya saba shiga tashar mota a Gusau, ko ya bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ko ta Bungudu zuwa Sakkwato, ya san muryar mai magani a lasifika. Yana jero basir da shawara da sanyi da dattin ciki da ƙarfin maza, duk a kwalba ɗaya. Mafi yawan abin da ake sayarwa jiƙo ne na saiwa da sassaƙe irin wanda kakanninmu suka sani. Sai dai a 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar haɗe-haɗen da ke taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, su sa mutum gane-gane da sambatu.

Wanda ya fi tsufa a cikinsu shi ne zaƙami, wanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da haukata-yaro. Yana fitowa a juji da bayan gida, furensa fari mai tsawo, 'ya'yansa masu ƙaya cike da ƙananan iri. Masu magani na da sun san shi, suna hayaƙin busasshen ganyensa ga mai asma, kuma suna matuƙar tsoron yawansa. Akwai sinadarai uku a cikinsa, atirofin da sikofolamin da hayosayamin, masu toshe hanyar wani saƙo da jijiyoyi ke aika wa junansu, saƙon da tunawa da natsuwa suka dogara da shi. Wanda ya sha fiye da kima bakinsa zai bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugu da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai a ga yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana hira da mutanen da shi kaɗai ke ganinsu. Wannan hali kan kai kwana ɗaya ko biyu, idan ya farfaɗo kuma ba ya tuna komai. Babban haɗarin shi ne ƙarfin dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga damina zuwa rani. Awon da bai yi wa mutum komai jiya ba yana iya kashe shi yau.

Na bayan nan shi ne kurkura, wadda wasu ke kira akuskura. A shekarar 2022 hukumar NDLEA da hukumar NAFDAC duk sun yi gargaɗi a kanta, suka bayyana cewa haɗin ganyaye ne da ake cika wa taba mai ƙarfi, wani lokaci har da wiwi. Ana tallarta da sunan maganin ciwon kai ko taifot, amma mai kurkura ta a baki yakan yanke jiki ya faɗi yana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya.

Me ya kawo yaɗuwar waɗannan abubuwa? Na farko, tsadar asibiti da nisansa. Rashin tsaro ya sa ma'aikatan lafiya sun ƙaurace wa ƙauyuka da dama a Tsafe da Bungudu, tafiya Gusau da maras lafiya kuma sai an shirya kuɗin mota da na magani, ga fargabar hanya. Mai kwalba kuwa yana bakin kasuwa, kuma yana karɓar abin da ke hannunka.

Na biyu, shaye-shaye ya sauya salo. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da kuma sarrafa maganin tari mai kodin. Matakin ya dace, amma da kodin da taramol suka yi tsada, matashi maras kuɗi ya waiga ga abin da ke fitowa kyauta a bayan gida, ko abin da sunan gargajiya ya lulluɓe daga idon hukuma da na iyaye.

Na uku, sana'ar kanta ta cika da baƙin haure. Mai magani na gado yakan yi shekara da shekaru a gaban ubansa yana koyon awo da makari. Yau wanda bai gaji komai ba yana iya sayen robobi ya cika, ya liƙa takarda, ya ɗauki lasifika.

Illar da ta fi ta'azzara tana zuwa ne bayan shan. Idan yaro ya fara gane-gane, abin da ake fara cewa a gida shi ne iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. Sai a rufe shi a ɗaki, a yi turare, wani lokaci a ƙara masa wani jiƙon a kan na farko. Addu'a ba ta hana neman magani, amma jinkirin yakan ba dafin lokaci. Gubar zaƙami abu ce da likitoci suka san yadda ake kula da ita, har ma makarinta na asibiti, fisostigmin, asalinsa daga wani wake ne na yankin Kalaba a nan Najeriya. Wanda kuma ya daɗe yana shan haɗin da ke da wiwi, musamman mai ƙarancin shekaru, yana cikin haɗarin taɓin hankali mai ɗorewa, ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba. Iyalai da yawa sai sun dangana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Wannan ba hujja ba ce ta watsi da ilimin itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi inganci a yau daga dangin tazargade aka samo shi, kuma a kansa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu lambar Nobel a 2015. Bambancin shi ne an gwada, an auna, an rubuta.

Abin da Zamfara ke buƙata ke nan. Gwamnatin jiha da masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu su yi rajistar masu magani na gaskiya, su kuma ba shugabanninsu ƙarfin fitar da baragurbi. Kada a bari a sayar da kwalbar da ba ta da rajistar NAFDAC da bayanin abin da ke ciki. Jami'ar Tarayya ta Gusau ta shiga gwajin jiƙon da ke kasuwanninmu. Malamai su faɗa a kan mumbari cewa duk abin da ke gusar da hankali maye ne, ko daga kanti ya fito ko daga daji. Ku kuma iyaye, idan kuka ga yaro yana sambatu da busasshen baki da jiki zau, ku garzaya da shi asibiti, ku tafi da ragowar abin da ya sha a hannu domin likita ya gani.