Yadda Ɗan Koyo Yake Zama Makaɗi

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kafa a shekarar 1809, yana da ƙofofi da yawa. A cikinsu akwai Ƙofar Kware, wadda take wajen arewa. Ana kiranta haka ne domin ta nan hanya ta fita zuwa garin Kware, har ta wuce Illela a bakin iyakar ƙasar Nijar. Ganuwa ta daɗe da zubewa, amma sunan ƙofar bai ɓata ba, ya zama sunan unguwa.

In ana biki ko suna a wannan unguwa, sai a ji kalangu ya tashi. Yara su sheƙo su kewaye makaɗi, suna mamakin yadda hannunsa yake gudu, suna tsammani da haka aka haife shi. Ba su san irin wahalar da ya sha kafin ya kai haka ba.

Kayan kiɗan Hausa iri iri ne, kowanne da wurinsa. Tambari na sarki ne, ba a buga wa talaka shi. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, da hannu ake kaɗa su. Gangar noma ta manoma ce. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne, amma ya shiga dambe da biki da wasan 'yan mata. Ƙasar Sakkwato ta yi suna wajen manyan makaɗa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗan kotso. Salihu Jankiɗi ya yi kiɗan taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗan noma ya tashi, tun yana yaro yake bin ubansa wajen kiɗa.

To, yaya yaro yake koyon wannan sana'a? Galibi gado ake yi, watau ɗa ya koya wajen ubansa ko wansa. Wani kuma iyayensa su kai shi wajen wani gwani su ba da amanarsa. Ba a fara ba yaro babban kalangu. Ƙaramin abu ake ba shi, kamar kuntuku ko kazagi, waɗanda aikinsu shi ne riƙe kiɗa ɗaya ba canji, babba yana yawo a kansu. Wanda bai iya riƙe ƙarami ba, ba a amince masa da babba.

Amma maigida ba shi da lokacin zama da yaro kullum. Yau yana gidan biki, gobe yana kasuwa, jibi ya tafi ƙauye. Watakila sau ɗaya ko sau biyu a mako zai zaunar da yaro ya nuna masa sabon kiɗa, ya gyara masa hannu, sa'an nan ya tashi. Sauran kwanakin nan biyar ko shida na yaro ne shi kaɗai. A cikinsu ne ake gane wanda zai zama makaɗi da wanda zai ƙare a ɗaukar kaya.

Abu na farko da yaro mai hankali yake yi shi ne ya ajiye kiɗan a bakinsa. Da ya bar gaban maigida sai ya riƙa maimaita shi da baki, yana tafiya yana faɗa, don kada ya kwana ya manta. Wannan yana da dalili. Harshen Hausa yana da hawa da saukar murya. Kalangu yana bin hawa da saukar nan ne, shi ya sa ake cewa yana magana. Saboda haka abin da baki bai iya faɗi daidai ba, hannu ba zai kaɗa shi daidai ba.

Abu na biyu shi ne horon hannu. Ba lalle sai da ganga ba. Yaro yakan kifa tsohuwar ƙwarya, ko ya sami gwangwani, ko ya yi ta bugun cinyarsa da tafin hannu. Hannun dama yakan yi saurin koyo, na hagu ya yi nauyi, don haka na hagu ya fi bukatar aiki. Da sannu ake farawa, bugu ɗaya ɗaya, har kowane bugu ya fita sarai. In ya zauna, sa'an nan a ƙara sauri kaɗan. Yaron da ya fara da gudu yakan koyi kuskure, kuskuren kuma ya zauna masa a hannu, maigida ya sha wuya kafin ya cire shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na uku shi ne horon hammata. Kalangu ice ne da aka fafe, tsakiyarsa siririya, bakinsa biyu an rufe su da fata, an haɗa su da tsarkiya. In makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa, fata takan ɗaure, ta yi karkarwa da sauri, murya ta hau. In ya saki, fata ta yi sako-sako, murya ta sauka. Wuyar abin ita ce matsi da bugu su zo tare. Ɗan koyo yakan ɗauki kalma ɗaya, kamar sunansa, ya yi ta kaɗa ta, har ƙanensa da ke zaure ya gane abin da kalangu yake cewa ba a gaya masa ba.

Abu na huɗu shi ne riƙe lokaci, watau kada kiɗa ya riƙa ƙara sauri ko ja baya. A ƙasashen Turai, inda yara sukan je wajen malamin kiɗa sau ɗaya a mako, suna da wata 'yar na'ura mai ƙwanƙwasa daidai kamar agogo. Wani Bajamushe mai suna Maelzel ne ya fito da ita a 1815. Suna kuma da faifan roba da suke bugu a kai don kada su dami maƙwabta. Yaron Ƙofar Kware yana da abin da ya isar masa a cikin gida. In mata suna daka suna lugude, taɓare suna sauka daidai wa daida, sai ya zauna gefe ya bi su da ƙwaryarsa. Takun ƙafarsa ma ya isa ya zama ma'auni.

Kaɗan kullum ya fi da yawa rana ɗaya. Yaron da yake ɗaukar rabin sa'a kowace rana bayan ya taso daga makaranta, ya fi wanda ya bar abin har ranar da zai ga maigida, sa'an nan ya wuni yana bugu. Na biyun hannunsa zai yi kanta, ya gaji, gobe kuma ya manta. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Sai kuma saurare. Makaɗi da kunne yake fara koyo. In maigida zai fita, yaro ya ɗauki kaya ya bi shi, ya tsaya a baya ya lura da inda ake shiga da inda ake tsayawa. Yaran yanzu sun sami abin da na dā ba su samu ba, gama ana sa kiɗan Narambaɗa da na Ɗanƙwairo a rediyo, ana kuma jinsa a wayar hannu. Yaro yana iya roƙon a ɗaukar masa kiɗan maigida a waya, ya yi ta ji har mako ya zagayo.

Kula da ganga ma yana cikin koyo. Da damina fata takan sha laima ta saki, muryarta ta mutu, sai an shanya ta a hantsi. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, in aka buge ta da ƙarfi ta fashe. Ba a ajiye ta a ƙasa inda gara ko ɓera za su kai gare ta, rataye ta ake yi.

Akwai kuma ladabi. Ba a kiɗa in an kira salla, ko kusa da makarantar allo ana karatu, ko inda akwai majinyaci ko zaman makoki, ko cikin dare mutane suna barci. A irin wannan lokaci yaro ya koma ga cinyarsa, ba wanda zai ji. Kuma koyon kiɗa ba ya hana karatu ko aiken iyaye.

Ranar da za a gane aikin yaro tana zuwa. Wata rana mai riƙe kuntuku ba shi da lafiya, ga taro ya cika, sai maigida ya juya ya miƙa wa yaro. In ya yi aikinsa a gida, kiɗa zai zauna, masu rawa su sami wurin sa ƙafa. In kuwa ya yi wasa da kwanakinsa, zai rikita kiɗa, rawa ta watse, maigida ya ji kunya a gaban jama'a, ya daɗe bai sāke miƙa masa ba. Kowane mutum mai daraja kuma yana da takensa, haka kowace sana'a. Makaɗin da ya kaɗa wa wani taken wani ya yi babban laifi, ba ya samun kyauta, sai faɗa.

Wannan ba ga kiɗa kaɗai ya tsaya ba. Malami yakan biya wa almajiri allonsa sau ɗaya, amma almajiri ne zai yi ta tilawa har ya haddace. Haka maƙeri da ɗansa, haka masaƙi. Maigida nuna hanya yake yi, tafiya kuwa ta ɗan koyo ce.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran wannan unguwa Ƙofar Kware?
2. Waɗanne kayan kiɗa ne na fada?
3. Yaya makaɗi yake sa muryar kalangu ta hau ko ta sauka?
4. Don me ake fara koyo da sannu?
5. A waɗanne lokatai ne bai kamata a yi kiɗa ba?